Barka da haihuwa da harshen Kantonis: tambayoyi da amsoshi

Fatakenmu da ke zirga-zirga tsakanin Kano, Maraɗi, Yamai da birnin Gwanzu na ƙasar Sin sun iya bakin ciniki: nawa ne, ya yi tsada, rage mini. Amma ranar da mai masana'antar da aka shekara da shekaru ana hulɗa da shi ya turo hoton jariri ta manhajar aika saƙo ta WeChat, sai mutum ya rasa ta cewa. Alhali a nan ne huldar kuɗi take zama zumunci. Ga tambayoyin da masu zama a Gwanzu da Hong Kong, da waɗanda aure ya haɗa su da mutanen can, suka fi bukatar amsarsu.

Wane harshe ne Kantonis? Ba duk Sinanci ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Mandarin shi ne harshen gwamnati da makaranta a ƙasar Sin. Kantonis kuwa, wanda masu shi ke kira *Gwongdung waa*, harshen gida ne a Gwanzu da yawancin lardin Gwandong, da gabashin Gwangshi, da Hong Kong da Macau, da tsofaffin unguwannin Sinawa a Amurka da Ingila. Masu jin sa da karurukansa sun kai miliyan 80. A takarda suna fahimtar juna da masu Mandarin, amma a baki wanda bai koya ba ba zai ji ba.

Sai dai ba duk wanda ka gani a Gwanzu ne ɗan gari ba. Kasuwanni da masana'antu cike suke da 'yan ci-rani daga Hunan da Sicuwan da sauran larduna, kuma a cikin Gwandong ɗin ma akwai 'yan Hakka da mutanen Shantou masu nasu harsunan. Ka fara tambaya: *Nei sik m sik gong Gwongdung waa?* Wato, kana jin Kantonis? In ya washe baki ya ce *sik*, to kalmomin nan nasa ne.

Yaya zan karanta kalmomin da aka rubuta a nan?

An rubuta su yadda Bahaushe zai karanta ya yi kusa da daidai. *Aa* doguwa ce, *a* gajera. Wanda ya yi Faransanci ya huta: *eu* irin tasu ce, haka ma *u* da ke cikin *yut*, *jyu* da *syun*. Idan kalma ta ƙare da p, t ko k, ana rufe baki a kansu ne, ba a sakinsu. In za ka duba ƙamus a intanet za ka tarar da tsarin Jyutping, wanda ƙungiyar masana harshe ta Hong Kong ta fitar a 1993. A can, abin da muka rubuta da y su j suke sa wa, abin da muka rubuta da j kuma z suke sa wa, sannan kowace gaɓa tana da lamba a ƙarshenta.

Lambar nan ta karin murya ce, kuma Kantonis na da guda shida. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, tunda murya ce ke raba kukan yaro da kukar miya. Abin da ya fi shi ne ka sa wani ɗan gari ya faɗa maka kalmar a saƙon murya, ka yi ta maimaitawa har kunnenka ya kama.

Wace kalma zan fara faɗa da na ji an haihu?

*Gung hei*. Ita ce barka. In ka ƙara *saai*, ka ce *gung hei saai*, ka cika ta: barka ƙwarai. Yawanci ana maimaita ta sau biyu, *gung hei, gung hei*, ana dunƙule hannu ɗaya cikin ɗaya a gaban ƙirji.

Daga nan sai tambaya: *Jai ding neui aa?* Namiji ko mace? Sai *gei cung aa?*, nauyinsa nawa? Wannan tambayar tana ba mutanenmu mamaki, amma a can kusan kowa sai ya yi ta. A Hong Kong za a ba ka amsa da *bong*, ma'aunin Ingilishi, wanda bai kai rabin kilo ba. A Gwanzu da *gan* za a ba ka, kuma *gan* ɗaya rabin kilo ne cif. In aka ce maka *luk gan bun*, shida da rabi, kilo uku da kwata ke nan, kada ka ɗauka kilo shida aka ce.

Uban jariri kan rubuta *mou ji ping on* a sanarwa: uwa da ɗa suna lafiya. In mace ce, *mou neui ping on*. Ko da kanta ta haihu, *seun caan*, ko aiki aka yi mata, *hoi dou*, wannan hirar mata ce, namiji baƙo ya bar musu.

Me suke kiran jariri?

A bakin kowa *bi-bi* ne, gaɓar farko ƙasa, ta biyu sama, kuma da haruffan boko biyu suke rubuta shi: BB. Namiji *bi-bi jai*, mace *bi-bi neui*. Tsofaffi na da tasu kalmar ga sabon haihuwa, *sou haa jai*, wadda masu harshen ke dangantawa da ɗan jatan lande, saboda yadda jinjiri ke naɗewa. Tagwaye maza *maa jai*, mata *maa neui*, in kuwa mace da namiji ne sai a ce *lung fung toi*, cikin dodon *lung* da tsuntsuwar *fung*, halittu biyu masu daraja a tatsuniyoyinsu.

In kana son girmama mutum, kada ka ce 'yarka kawai, ka ce *cin gam*, zinariya dubu. Wanda kuma yake da ɗa sai ya sami 'ya, ko yake da 'ya ya sami ɗa, ana ce masa ya haɗa *hou*. Dalili shi ne harafin 好, mai ma'anar kyau, an gina shi ne da alamar mace da alamar ɗa gefe da gefe.

Na ga matar abokin huldata kamar tana da ciki. In yi mata barka?

Dakata tukuna. Al'adarsu ce a ɓoye ciki har ya cika wata uku, suna cewa jariri *siu hei* ne, mai saurin fushi, in aka yi ta yayata shi sai ya koma. In sun sanar da kansu za ka ji *yau jo*, ta samu, ko *yau hei*, ta sami abin farin ciki. Mai tsohon ciki *daai tou po* ce a bakin kasuwa, amma ba kalmar da baƙo zai kira mace da ita a gabanta ba ce.

Tsofaffi kuma na hana buga ƙusa, ko jan gado, ko sauya gida, har sai an haihu, domin sun yi imani da wani abu da suke kira *toi san*, mai tsaron ɗan tayi, wanda ke yawo a sassan gida. Saboda haka in mai gidan hayarka ya ce a jinkirta gyaran bango har matarsa ta sauka, ka gane inda maganar ta fito.

Yaushe ya kamata in je barka?

Ba washegari ba, ba kuma ranar bakwai ba. Maijego tana shiga *co yut*, zaman wata, kwana talatin, wasu su kai arba'in. A tunaninsu haihuwa na buɗe jiki, sai *fung*, iska, da sanyi su shiga su zauna, su dawo da ciwon kai da na gaɓoɓi a tsufa. Don haka ba fita, ba ruwan sanyi, ba fanka a kanta, ba kankana ko wani abin da suke ƙirgawa cikin masu sanyi. A da ko kai ba ta wankewa sai wata ya cika. Yanzu yawanci suna wanka, amma da ruwan ɓawon citta da aka tafasa. Ana fere cittar tun kafin haihuwa, a shanya ɓawon a faranti a bakin taga har ya bushe ya murɗe, a adana shi a leda. Maimakon ruwa zalla tana shan *caau mai caa*, shayin soyayyar shinkafa, sannan ga miyar gwanda da wutsiyar kifi don ruwan nono. Duk macen da ta yi wankan jego da ruwan zafi, ta sha kunun kanwa, ta ci kauri har arba'in, za ta gane manufar tun kafin a gama yi mata bayani.

Mai kula da ita ko dai uwarta ce, ko surukarta, ko *pui yut*, mace da ake ɗauka haya don rakiyar watan, wadda ke dafa abincin jego, ta yi wa jariri wanka, ta karɓe shi da dare. A Hong Kong tun ciki na ƙarami ake kama ta, don masu hannu ba sa zama. A manyan biranen Gwandong kuma akwai gidajen jego na kuɗi, inda maijego ke tarewa da jaririnta wata guda. Doka ma ta ba da fili: hutun haihuwa a Gwandong kwana 178 ne, uba kuma 15, a Hong Kong mako 14 tun Disambar 2020, uba kwana 5.

A watan nan dangi na jiki ne ke shiga. Kai ka tura saƙo, ka aika kyauta, ka jira gayyata. Wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, ko mai mura, shi ma ba ya zuwa.

An aiko mini da wani baƙin romo mai citta da ƙwai. Mene ne, kuma ya halatta in ci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga Musulmi. Sunansa *geung cou*, citta da ruwan tsami, kuma cikakken sunansa shi ne ke tona abin da ke ciki: *jyu geuk geung*, ƙafar alade da citta. Kada ka ci. Kada kuma ka ce bari in tsame ƙwan kawai, domin a tukunya ɗaya aka dafa su, romon ya ratsa shi har ya koma ruwan ƙasa ya yi tauri.

Amma ka san darajar abin da aka kawo maka. Kakar jariri ce yawanci ke ɗora shi, wata guda ko fiye kafin haihuwa. Za ta sayo tsohuwar citta kilo-kilo, ta fere, ta bubbuga, ta gasa ta a busasshen kasko har ruwanta ya tsane, sannan ta zuba a babbar tukunyar ƙasa, ta malala baƙin ruwan tsami mai zaƙi da ake yi da shinkafa har ya rufe ta. Dole tukunyar ƙasa, don tsamin na cin ƙarfe. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta sake tafasa shi, ƙamshin ya cika bene tun daga matakala, maƙwabta su san haihuwa ta kusa. Sai an sauka ake zuba ƙafar da dafaffen ƙwai. Ruwan tsamin ma sunansa *tim ding tim cou*, mai zaƙi na ƙaruwar ɗa.

Ranar sha biyu da haihuwa, *sap yi jiu*, maijego ke fara ci, ranar kuma ake *paai geung cou*, rabawa dangi da maƙwabta da abokan aiki. Duk wanda kwanon ya iso ƙofarsa, an ƙirga shi cikin na gida. Shi ya sa yamutsa fuska ko toshe hanci ke da ciwo ƙwarai. Ka tari mai kawowa da fara'a ka ce: *Do je saai, ngo hai Muk-si-lam, m sik jyu yuk.* Na gode ƙwarai, ni Musulmi ne, ba na cin naman alade. Ka ɗora da *sam ling laa*, zuciyata ta karɓa. Wannan jimlar tasu ce, don irin wannan wuri aka yi ta, kuma ba wanda zai ji haushi. Mutanen Gwanzu sun daɗe da sanin Musulmi, masallacin Huaisheng da ke tsakiyar birnin na cikin mafiya daɗewa a ƙasar Sin. Abin da ya fi kyau ma shi ne ka sanar da uban jaririn tun ranar da ka yi masa barka, don kada tsohuwa ta ɗauko kwano ta koma da shi.

Akwai ɗan'uwansa, *gai jau*, kaza da aka dafa da giyar shinkafa. Shi ma na jego ne, shi ma amsarsa ɗaya: *m yam jau*, ba na shan giya.

An gayyace ni *mun yut jau*. Wane taro ne?

Walimar cikar wata ce. *Mun yut* wata ya cika, *jau* kuma asalinta giya, amma a nan liyafa take nufi. Ranar ce ake fito da jariri gaban jama'a, maijego ta fita daga ɗaki. Yawanci a gidan abinci ake yi, teburori masu da'ira, kowanne mutum goma ko sha biyu. Iyalai da yawa yanzu sun fi son jinkirtawa zuwa *baak yat yin*, walimar kwana ɗari, lokacin da yaro ya yi ƙwari, uwa ta murmure.

Abu biyu ba sa rasuwa a teburin. Na farko *hung gai daan*, dafaffen ƙwai da aka rina ɓawonsa ja, wanda ke barin launi a yatsu in ka ɓare. Ja launin farin ciki ne a wurinsu, ƙwai kuma sabuwar rayuwa. Na biyu *syun geung*, yankakkiyar ɗanyar citta mai tsami, launin hoda. *Syun* tsami ne, *syun* kuma jika ne, furuci ɗaya murya ɗaya, don haka cin ta fatan ƙarin jikoki ne. Waɗannan biyun ba nama a cikinsu, ka ci hankalinka kwance, kuma kakanni za su ji daɗin ganin jan launi a hannunka.

Sauran abincin kuwa sai da lura, don sau da yawa gasasshen ɗan alade ke buɗe liyafa, kuma naman na ɓuya a miya da cikin kayan ciye-ciye. Kalmar halal ita ce *cing jan*, ana rubuta ta 清真. In an zo ɗaga kofuna, ka ɗaga na shayi ka ce *yi caa doi jau*, shayi a madadin giya. Su ma masu tuƙi da marasa lafiya haka suke yi.

Kusa da wannan lokaci ne ake *tai tau*, askin fari. Wasu iyaye kan kai gashin a yi musu alkalamin burushi da shi, *toi mou bat*, su ajiye wa yaron.

Wace kyauta zan kai?

Kuɗi a jar ambulan, *lai si*. Sababbin takardu, a miƙa da hannu biyu. Ka guji duk adadin da ke da huɗu, don *sei* na kama da kalmar mutuwa, takwas kuwa, *baat*, ana son ta don tana kama da *faat*, arziki. Farar ambulan ta ta'aziyya ce, kada ta kusanci wurin. Agogon bango ko na tebur ma haka, domin *sung jung*, ba da agogo, furucinsa ɗaya da rakiyar mamaci. Dangi na jiki kan ba da ɗan warwaron zinariya, ko *ceung meng so*, ɗan kwaɗon kullewa na azurfa ko zinariya da ake rataya wa yaro wai ya kulle ransa a duniya. Kayan sawa na jarirai ba laifi, a dai kauce wa baƙi ko fari zalla.

In sun ce *do je*, godiyar kyauta ce. *M goi* godiyar hidima ce, kamar wanda ya zuba maka shayi. Kada ka musanya su.

Wane fatan alheri ake yi wa jaririn?

Duk gaɓa huɗu-huɗu suke, kuma wanda ya fi yawo shi ne *faai gou jeung daai*: ka yi saurin tsawo ka girma. In shi kaɗai ka haddace ya wadatar. Ana haɗa shi da *san tai gin hong*, lafiyar jiki, da *cung ming ling lei*, kaifin basira, da *ceung meng baak seui*, tsawon rai shekara ɗari. Kakanni kan ce *fei fei baak baak*, ɓul-ɓul fari tas, wanda a bakinsu yabon ƙoshin lafiya ne. A katin gayyata ko a jikin ambulan za ka iya ganin tsohon salo: *lung jeung ji hei* ga namiji, *lung ngaa ji hei* ga mace. Sun samo asali daga wata tsohuwar waƙa da ta ce a ba ɗa namiji dutse mai daraja ya yi wasa, 'ya mace kuma a ba ta dunƙulen mazari na yumɓu. A rubuce suke da kyau, ba a faɗinsu a hira.

Gaskiya ne ba a yabon jariri a gabansa?

A wurin tsofaffi, gaskiya ne. Suna gudun in aka ce yaro ba ya rigima, daren nan zai hana kowa barci, in aka ce ya yi ƙiba sai ya rame. A da har sunan raini ake laƙaba masa, *gau jai* ɗan kwikwiyo, *ngau jai* ɗan maraƙi, *jyu jai* ɗan alade, don miyagun iskoki su ɗauka ba abin so ba ne su wuce, tamkar dai Ajuji da Ayashe a wurin mai wabi. In wani ya yi suɓutar baki ya ambaci ciwo ko mutuwa, za ka ji tsohuwa ta ce *coi!* ta bi da *daai gat lai si*, ta kore maganar.

Iyayen zamani ba su cika damuwa ba. *Hou dak yi*, ya yi ban sha'awa, ba ta da haɗari a ko'ina. *Gwaai*, mai natsuwa, da maganar ƙiba, ka riƙe su in kaka na zaune.

Sunayen dangi sun rikita ni. Wa ake kira me?

Sun rikita ka ne don kowane suna sai ya nuna ɓangaren uwa ko na uba, ya kuma nuna wa ya girmi wa. Kaka ɗaya tamu ta rabu huɗu. Mahaifin uba *ye-ye*, mahaifiyar uba *maa-maa* da murya ƙasa duka biyu. Mahaifin uwa *gung-gung*, mahaifiyar uwa *po-po*. Uwa ita ma *maa-maa* ce, amma gaɓarta ta biyu sama take, don haka murya kaɗai ta raba uwa da kaka. Shi ya sa gidaje da yawa suka koma *maa-mi* da *de-di*. Ɗan ɗa *syun* ne, ɗan 'ya kuwa *ngoi syun*, jikan waje, sunan da ke nuna yadda suke ƙirga zuri'a ta wajen uba.

Wan uba *baak fu*, ƙanensa *suk-suk*. Yayar uba *gu maa*, ƙanwarsa *gu je*. Ɗan'uwan uwa *kau fu*, wanda kunnen Bahaushe ba zai manta ba. Yayar uwa *yi maa*, ƙanwarta *aa yi*. Yaron da aka yi wa ƙane ya zama *go-go*, yarinya ta zama *gaa je*, jaririn kuma *sai lou* ko *sai mui*.

Wanda ya fara da Mandarin ya kula da tarko guda. A Mandarin mai kama da *naai-naai* kakar wajen uba ce, a Kantonis kuwa uwar miji ce. Mai kama da *po-po* a Mandarin uwar miji ce, a Kantonis kakar wajen uwa. Sun yi musaya.

Da zarar an haihu, gida duka na komawa kiran juna da bakin yaro: matar gida ta fara ce wa surukarta *maa-maa*, miji ya ce wa surukinsa *gung-gung*. Kai ma za a ba ka naka. In ka girmi uban yaron kai *baak-baak* ne, in ya girme ka *suk-suk*, mace kuma *yi-yi*. Kada ka wuce kakanni ba ka yi musu tasu barkar ba: *Gung hei nei jou ye-ye*, barka da zama kaka. *Pou syun*, rungumar jika, shi ne burin da tsofaffinsu ke ambata a fili tun ranar ɗaurin aure.

Sun ce in zama *kai ye* na yaron. Me ake nufi?

Uban riƙo na girmamawa, mace kuma *kai maa*. Yaron ya zama *kai jai* ko *kai neui* ɗinka, kana ba shi *lai si* a sabuwar shekara, ana gayyatarka duk wani taronsa. Babbar amana ce. Wasu da baki kawai suke yi, wasu kuma da biki, *seung kai*, mai haɗawa da miƙa shayi, wani lokaci da kunna turare ga magabata. Ka tambayi yadda za a yi tun da wuri, ka faɗi abin da addininka bai yarda da shi ba. Gargaɗi ɗaya: kada ka ɗauka *kai dai* na nufin ƙanen riƙo ka kira wani da ita. Zagi ce mai muni.

Yaushe ake raɗa suna, kuma wa ke zaɓa?

Ba su da ranar suna tsayayya. *Goi meng* na iya ɗaukar makonni, sai dai a Hong Kong doka ta ce a yi rajistar haihuwa cikin kwana 42, a karɓi *ceut sai ji*, takardar haihuwa. Sunan dangi ke zuwa farko, kamar Chan, Wong, Lee ko Leung, sai sunan yaro, yawanci gaɓa biyu. A gidajen gargajiya kakan wajen uba ke zaɓa, wasu kuma su kai *baat ji*, wato shekara da wata da rana da sa'ar haihuwa, wurin mai lissafi ya duba wanne ne ya yi ƙaranci cikin abubuwa biyar: ƙarfe, itace, ruwa, wuta, ƙasa. In ruwa ne, sai a nemo harafi mai alamar ruwa a sa a sunan. Abin da ba sa yi shi ne mayar da sunan kaka ko na uba, wannan rashin kunya ne a wurinsu. Don haka kada ka tambaya ko sunan wa aka mayar.

Har yanzu sun fi son ɗa namiji?

Harshen ya riƙe alamun haka. *Tim ding*, ƙaruwar gida, asalinta ƙaruwar namiji ce. A ƙauyukan dangi na yankin karkarar Hong Kong, irin na zuriyar Tang a Ping Shan da Kam Tin, har yau ana *dim dang* a watan farko na shekararsu: a rataya fitila a zauren magabata saboda kowane ɗa namiji da aka haifa a shekarar da ta wuce, a shigar da sunansa littafin zuri'a. *Dang*, fitila, na kama da *ding*, namiji. Abin ba a biki ya tsaya ba, domin tsarin da aka kafa a 1972 ya ba namiji ɗan asalin waɗannan ƙauyuka damar gina gida mai hawa uku, *ding uk*, damar da 'ya mace ba ta da ita.

Amma a birni magana ta sauya, yanzu haihuwar ce ma ta yi wuya. A 2012, shekarar dodon *lung* da ake rububin haihuwa a cikinta, an haifi jarirai kusan 91,600 a Hong Kong, da yawansu na matan da suka tsallako daga babban yankin Sin. A 2023 kusan 33,200 ne kacal, har gwamnati ta sanar da kyautar dalar Hong Kong 20,000 ga kowane sabon jariri. A babban yankin an bar dokar ɗa ɗaya, aka yarda da biyu daga 2016, uku daga 2021. Saboda haka in an ce maka mace aka samu, ka yi barka da dukkan zuciyarka. Kada ka kuskura ka ce Allah ya kawo namiji a gaba.

Matata za ta riƙa zama da surukai ko mai raino. Waɗanne kalmomi za ta fi ji?

*Cau jai*, raino. *Wai naai*, shayarwa, *yan naai* nonon uwa, *naai fan* madarar gwangwani, *naai jeun* kwalbarta. *Wun pin*, sauya ƙunzugu. *Sou fung*, shafa baya har ya yi gyatsa. *Cung leung*, wanka. *Fan gaau* barci ne, amma da bakin yara *gaau-gaau jyu* ake cewa, abinci kuma *mam-mam*. Sai *me*, goyo, da *me daai*, majanyinsu mai murabba'in ƙyalle da igiyoyi huɗu, wanda matan Gwandong suka daɗe suna goya 'ya'ya da shi a gona da cikin jiragen ruwa. In tsohuwa ta ga matarka ta sunkuya ta ɗora yaro a baya ta ɗaure da zane, za ta tsaya kallo, ta kuma ba ta labarin nata goyon.

In ni aka yi wa haihuwa, yaya zan sanar da su?

*Ngo lou po saang jo go jai*, matata ta haifi namiji, ko *go neui* in mace ce. Ko a taƙaice, *ngo jou baa-baa laa*, na zama uba. In za ka gayyace su suna, ka yi musu bayani cewa mu *dai cat yat goi meng*, ranar bakwai muke raɗa suna, sannan ka ce *ceng nei lai sik faan*, ina gayyatarka cin abinci. Za su yi mamakin ganin maijego ta yi kwalliya cikin taro tun wata bai cika ba, wata dattijuwa ma za ta iya jan ka gefe ta ce a rufe taga, a sa mata safa. Kulawa ce, ka ce *yau sam*, kin yi zuciyar kirki.

Naman rago kuwa ba zai ba su wahala ba. *Yeung yuk* a wurinsu abinci ne mai ɗumama jiki, wanda suke ci da hunturu, kuma za su yarda ya dace da maijego. A Gwanzu mahautan *cing jan* na unguwar Xiaobei za su sama maka shi. Baƙinka za su zo da *lai si*: ka karɓa da hannu biyu, ka ce *do je*, kada ka buɗe a gabansu. In kana son ka faranta musu, ka dafa ƙwai ka rina shi ja da launin abinci, ka haɗa da kason naman da za ka aika wa maƙwabta.